Mai Tsaron Barcin Mutane

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin sauka lami lafiya, hanya ba ta karya miki jiki ba. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah Ya tsare ki daga sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don kin bar shi yadda yake. Sama ta ƙi, gulbi ya janye har yara suna tsallaka shi da ƙafa a ƙarƙashin gada, mutanen daji kuma sun sake cika bakin Yamai kamar lokacin farin farko. Tsoro ne ya sa na ɗauki bik in rubuto miki. Ke ce ta fari, ga shi sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban taɓa zaunar da ke mun yi doguwar magana ido da ido ba. Ranar da muka raka ki tasha, abin da ya fito bakina kawai shi ne ki riƙe salla. Sauran maganar na komo da ita gida.

Tsoron nawa biyu ne, kuma a ƙarshe za ki ga igiya ɗaya ta ɗaure su. Na farko, an tura ki gidan likita can arewa inda ke kaɗai ce mai sa barci, ba babba a kanki, ba wanda za ki waiwaya ki tambaya. Na biyu, aikin kabar nan tawa da na yi ta ja wa rai, wanda Isufu, mai sa barci a gidan likitanmu, ya ce za a yi bayan tafiyarki. Ki yi dariya in kina so. Mutumin da ya tsufa yana sa mutane barci bai taɓa ɗanɗana barcin ba, kuma yanzu da aka ambace shi tsoro ya kama shi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da ke cikin littafi kin fi ni saninsa, don ni a hannu na koya, tun zamanin da ake ɗiga maganin barci na eter kan ƙyalle. Kin san aikinmu duwatsun murhu uku ne: mutum ya yi barci, kada ya ji zafi, jikinsa ya saki yadda mai fiɗa zai yi aiki. Kin san kuma akwai hanyar da ba a taɓa hankalinsa, a kashe ƙafafu da allurar baya ko a kashe wurin da za a yanka kaɗai. Ba wannan nake tsoro ba. Halinki nake tsoro, kuma ni na gina shi. Na tashe ki ba ki musu da babba, ba ki ɗaga ido a gaban na gaba da ke. Mutanen unguwa suna yabonki, ni kuma ina jin daɗi. To, wannan halin ne ya ja mini duk abin da zan faɗa miki yanzu, don ni ma haka aka tashe ni a Maraɗi.

A farin farko, shekarar da soji suka karɓi mulki, aka kawo mana wani dattijo Ba'adare daga sansanin 'yan gudun yunwa da ke bakin gari. Gyambo ne ya ci ƙafarsa, sai an yanke. Matarsa ke jinyarsa, tsohuwa mai kamala, tana kama da kakarki har yadda take ɗaura kallabi. Da safe na zo duba shi, ɗaki cike da mutane, majo, babban ma'aikatan jinya, kuma yana tsaye a bayana. Na ɗaga murya na tambaye ta ko ya ci wani abu.

Ta ce, "Ɗana, mi za shi ci? Ina munka samu?"

Uwani, ina tsaye ina ganin ƙwarya a ƙarƙashin gadon, an rufe ta da faifai, ƙudaje suna bin bakinta. Na san abin da ke ciki. Amma yaya zan duƙa in jawo ƙwaryar tsohuwa a gaban jama'a, in mai da sa'ar uwata maƙaryaciya? Sai na ce wa zuciyata wataƙila ta jiya ce. Muka shiga da shi. Eter bai gama kama shi ba ya kwaro amai, farar fura, ta cika masa baki ta gangara huhu. Na juya kansa, na yi ta taka injin tsotsa har ƙafata ta gaji. Ya fita daga ɗakin da rai, amma zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa ya koma kamar ana jan tsumma cikin ruwa. Bai kai Juma'a ba.

Daga baya na ji cewa rabonta ne na ranar ta hana cikinta ta dama masa, don ba ta iya kallon mijinta ya shiga gaban wuƙa da yunwa. Ta ji kuma ana cewa wanda ya ci ana ɗage masa aiki, su kuwa sun gaji da jira. Ranar da za ta koma sansani ta tare ni a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗana, hurar nan ce?"

Na ce mata kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya na faɗa, amma ba dukanta ba.

Inda kike yanzu, kowa mayunwaci ne, kuma duk mai ƙaunar majinyaci zai so ya ba shi wani abu a ɓoye. Kada ki yi tambayar nan a gaban mutane. Ki ja mai jinya gefe, ki zauna ƙasa kusa da ita, ki gaya mata dalili da Hausar da za ta gane: mai barcinmu ba ya iya tari, abin da ya taso daga ciki huhu yake faɗawa. Ki ce mata ba laifi ba ne, ba wanda zai kore su, jinkiri ne kawai. Sannan, ko ta rantse da me, ki duƙa ki leƙa ƙarƙashin gado. In aikin ba ya jira, ki ɗauka cikinsa cike yake, ki shirya abin tsotsa a hannunki kafin ki taɓa allura.

Tun da ina maganar yunwa, bari in ƙara wannan kafin in manta. Awon maganin da ke cikin littattafanku an yi shi ne don jikin da ya ƙoshi. Makiyayi zai zo miki dogo, rawani da manyan riguna sun cika ido, alhali ƙashi ne da fata a ciki, jini kaɗan, ruwa ya ƙafe. Allurar barci ta pantotal, awon da zai kwantar da ma'aikacin ofis lafiya lau, shi zai tsayar masa da numfashi ya kayar masa da tansiyo, wato ƙarfin jini. Na taɓa turawa da sauri ina kallon tsawon mutum, bugun jini ya ɓace a ƙarƙashin yatsana, Allah ne kaɗai Ya maido shi. Ki sa sarum, ƙarin ruwa ta jijiya, tukuna. Ki ba da kaɗan, ki dakata, ki duba, in bai isa ba ki ƙara. Abin da ya shiga jijiya ba ya fitowa don kin yi nadama. Haka zilokayin, da ake rainawa don wuri kawai take kashewa: ki auna ta da nauyin mutum, ki ja allura baya ki tabbata ba jini kafin ki tura. In ya ce leɓɓansa sun yi nauyi ko kunnuwansa suna ƙara, ki tsaya nan take.

Littafin Nasara kuma zai ce miki in iska ta gaza, fatar mutum tana yin shuɗi. Wa ya taɓa ganin Bahaushe ya yi shuɗi? Matanmu ga lalle har kan farce, ba abin da za ki karanta a wurin. Ki buɗe leɓe ki dubi cikinsa, ki dubi harshe, ki leƙa jinin da ke fita a wurin yanka. In ya fara duhu, kada ki jira kowa ya gaya miki.

Bayan na dattijon nan, labari na biyu ya faru da wani Alhaji mai sayar da katako a kasuwar Katako, ƙaton mutum mai raha. Hanjinsa ya murɗe. Babban likitan fiɗa na lokacin gwani ne, amma wuta ce, in ya daka tsawa har almakashi sai ya faɗi daga hannun mai miƙawa. Ya ce ciki ya yi tauri, in saki masa jiki. Na ba da kurar, maganin nan da ke kashe motsi, na ci gaba da matsa jakar iska ina yi wa Alhaji numfashi. Aiki ya yi tsawo. Ana cikin haka na lura ruwan kwalbar maganin barci ya yi ƙasa ƙwarai, kuma wata kwalbar tana can ɗakin ajiya a kulle, mabuɗi yana wurin majo. Ba yadda zan sami mai zuwa sai in na buɗe baki na ce a dakata. Na dubi ƙeyar babban likita, na ce wa kaina ai an kusa rufewa.

Sai na ga hawaye ya gangaro daga idon Alhaji ya shiga kunnensa. Zufa ta keto masa a goshi, bugun jininsa yana sukuwa a yatsana. Bai motsa ba, don na ɗaure shi da magani. Na share hawayen da auduga, wani ya biyo. Na yi shiru har aka ɗinke.

Bayan ya warke ya sa aka kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya maimaita mini hirar da aka yi a kansa, har da wasan da wani ya yi cewa kitsen cikinsa ya isa ciyar da sansani guda. Ya ce ya ji allura tana shiga tana fita, ya yi ta kiran sunan Allah a zuciya, yana so ya ɗaga ko ɗan yatsa ya kasa. Ya ce ya zaci an binne shi ne da ransa. Daga nan barci ya ƙaurace masa, don da ya rufe ido sai ya ji shi a kan teburin. Har yau in zan sayi wani abu a Katako nakan zaga ta bayan rumfunan hatsi don kada in bi ta gabansa.

Kurar ba barci ba ne, ba ya kuma kashe zafi. Ɗauri ne kawai. Kada ki taɓa ba da shi sai kin tabbata za ki iya yi wa mutum numfashi da hannunki, kuma kin tabbata barcin da ke ƙarƙashinsa mai nauyi ne. Wanda kika ɗaure ba shi da baki sai hawaye da zufa da bugun jini, ke ce kaɗai mai jin wannan yaren a ɗakin. Ki duba kwalabanki da iskarki kafin a shigo da majinyaci, ki rubuta sunan kowane magani a jikin allurarsa. In abu ya ƙare ana tsakiyar aiki, ki buɗe baki ki ce a dakata. Mai fiɗa zai yi tsaki, wataƙila ya zage ki a gaban yara. Zagi ba ya tsiro a jiki, gobe za ku gaisa. Ki kuma hana wasa da mutunci a kan mai barci, don kunne ne ke kwanciya daga ƙarshe, shi ke fara tashi.

Na uku ban taɓa faɗa wa kowa ba, har innarki. Kina tuna buhun shinkafar da wata motar soji ta sauke mana a ƙofar gida, kina 'yar lakwal, kin fara karatun boko, kuka yi ta murna? Ga inda ya fito.

Wani kaftin ne ya kawo matarsa da tsakar rana, cikinta ya tsufa, jini yana zuba kamar an buɗe famfo. Sai an fitar da ɗan da fiɗa, kuma da gaggawa. Duk ɗan koyo ya san abin da ya dace da mai zubar jini: ketamin, don shi ba ya kayar da tansiyo, ba ya kuma yawan taɓa numfashi. Na riga na zuƙe shi a allura. Sai kaftin ya kama hannun rigata ya ja ni lungun baranda, ya yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Ban son maganin nan mai sa mutane surutu. Ka yi mata ta baya."

Nan take na gane. Kin san yadda masu farfaɗowa daga ketamin suke, mafarki ya haɗu da ido biyu, su yi ta sambatu, su faɗi abin da ke ciki da wanda babu. Lokacin kuwa kunnuwa sun yi yawa a gari. Hafsoshi ma tsoron juna suke, ana ɗauke mutum saboda hirar da aka yi a zaurensa, a kai shi inda iyalinsa ba za su ji ɗuriyarsa ba. Allah kaɗai Ya san irin baƙin da matar nan ta kai wa shayi da abin da ta ji suna faɗa. Shi ma tsoro ne ya cika shi, na gani a idonsa. Ina da amsar da zan ba shi: in haɗa mata da baliyom ya rage sambatun, in kai ta ɗaki ita kaɗai, in zauna a kanta da kaina har ta dawo hayyacinta. Amsar tana bakina. Amma na dubi kakin, na dubi bindigar da ke ƙugunsa, na tuna ku. Na ce to, ranka ya daɗe.

Na zaunar da ita na yi mata allurar baya. Allurar nan tana buɗe jijiyoyin ƙafafu, jini ya gangara can ya taru, ita kuwa ɗan abin da ya rage mata ke nan. Muna kwantar da ita ta yi hamma, ta ce mini, "Malam, duhu nika gani." Na nemi bugun jini a wuyan hannu na rasa. Muka ɗaga ƙafafunta, muka karkata ta hagu, muka buɗe sarum hannu biyu, na tura efedirin don ya ɗaga tansiyo, mai fiɗa ya yanka ba tare da ya jira komai ba. Matar ta rayu. Ɗan ya fito namiji, jikinsa a sake, na yi ta hura masa iska har aka dafa kafaɗata. Bai yi kuka ba.

Da na ba ta ketamin ɗin, ko da ɗan ya rayu? Allah ne masani, jinin da ya zuba da yawa ne. Amma na san abin da ya kamata, na kuma san abin da na yi. Kaftin ya riƙe hannuna ya yi ta godiya cewa na ceci matarsa. Ya aiko da shinkafa a shekarar da mutane ke layin jar dawa ta taimako. Kuka ci, ni na ce wa innarki cikina ne ba ya son ta.

Can inda kike, komandan da jandarma da masu gari duk za su san sunanki, kuma wata rana ɗayansu zai tsaya a kanki ya gaya miki maganin da yake so. Ki girmama shi, ki saurari tsoronsa, don sau da yawa mai tsawa tsoro ne ke cinsa. Ki ba shi mafita. Amma allurar baya ba ta shiga jikin mai zubar jini ko wanda zawo ya ƙafar, ko wa ya ce. Ba na ce miki ba abin da zai same ki ba. Ina tsoron su har gobe, kuma in aka taɓa ki ban san yadda zan yi ba. Sai dai na gwada ɗaya hanyar, na ga abin da ake kwana da shi. Abin da mai farfaɗowa ya faɗa kuma amana ce. Ki fitar da 'yan kallo, ki rage haske da hayaniya, abin da kika ji ya mutu a cikinki, ko mijin da za ki aura kada ya ji.

Sauran ƙananan abubuwa kin sha jin su a bakina. In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke kina aiki da eter, wani mai son taimako zai rugo da fitilar kananzir, ki tare shi tun daga ƙofa kafin ya tashi ɗakin da ku duka. Kada ki ɗauke yatsanki daga jijiyar mutum don ana hira mai daɗi. Kada ki tafi salla ko cin abinci sai kin kwantar da shi a kan gefensa, kin kira sunansa ya amsa. An ce barci ƙanen mutuwa ne, namu kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma mutane da yawa a ɗakin farfaɗowa suka tafi, bayan kowa ya wanke hannu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat tun da motarku ta tashi.

Kina tuna ranar da na zo a duba ni saboda aikin kaba, Isufu ya ce cikin wasa ke za ki yi mini tambayoyin, wai jarrabawarki ta ƙarshe ke nan? Isufu ɗalibina ne, shi ma ba ya iya haɗa ido da ni, ya tura ki ne ya huta. Kika zauna a gabana kanki a sunkuye. Kika ce, "Baba, ban da wannan, akwai wani ciwo?" Na ce babu. Kika ce numfashi fa, na ce lafiya lau. Kika ɗora abin sauraro a kan babbar rigata, don ba ki iya cewa in tuɓe. Ana zafin nan mai narka kwalta, ni kuwa na zo da takalmi sau-ciki da safa. Na ga idonki ya sauka a kan ƙafafuna, ya tsaya, sannan ya koma kan takarda. Kika rubuta cewa lafiyata ƙalau, kika sa hannu.

Ƙarya na yi miki, Uwani. Tun damanar da ba ta zo ba ƙafafuna suke kumbura, in na danna yatsa sai rami ya zauna. Ba na iya kwanciya sai na tara matasai, innarki tana tsammani ciwon baya ne. Tsakanin gida da masallaci nakan tsaya kamar ina gaisawa da mutane, alhali ƙirjina ne ya ɗaure. Na san sunan wannan ciwo, na gan shi a jikin mutane ba iyaka. Na ɓoye ne don na san in kin ji za ki ƙi tafiya, kuma a wannan zamani wanda ya ƙi zuwa inda gwamnati ta tura shi ya san sauran. Na ɓoye kuma don girman kai, ban so in zama majinyaci a gidan da nake ba da umarni.

A kan abin da kika rubuta Isufu ya shirya mini cikakken barci da halotan. Kin san abin da halotan ke yi wa zuciyar da ta gaji. Jiya ina alwala abin ya faɗo mini: in na kwanta ban tashi ba, za a buɗe takarda a ga hannunki. Ke kuma za ki tuna safar nan. Za ki ɗauki abin da na ɗauka game da ƙwaryar tsohuwa, sai dai naki mahaifinki ne. Na zauna a bakin rijiya, butar tana hannuna.

Laifin wannan karo nawa ne duka, kada ki ɗora wa kanki ko kaɗan. Ni na koya miki sunkuyar da kai, ni na yi amfani da shi na rufe miki ido. Shi ya sa yau nake warware abin da na ɗaura. A gida ki zama Uwanin da na sani. Amma in kika sa farar riga, ba ki da uba, ba ki da suruki, ba ki da komandan, sai mai barcin da ke gabanki.

Na rubuta ne kuma don in ɗaure kaina, saboda na san halina, in na kwana biyu zan sake samun dalilin yin shiru. Da safe zan kai takardar nan Katako in damƙa wa direban da ke zuwa wajenku. Daga can ba zan biya gida ba, gidan likita zan wuce in sami Isufu, in zauna, in cire takalmin da kaina. Zan ce ya yaga waccan takarda, a fara duba zuciya, in aikin ya zama dole a kashe wurin kaɗai da zilokayin, ina ido biyu. Ina tsoron abin da za su gani. Ina tsoron kabar ta shaƙe kafin su shirya, a rasa zaɓi sai barcin. In hakan ta faru, ki sani na faɗi gaskiya tun da wuri, ba hannunki a ciki. Kada ki baro aikinki ki taho, mutanen can ba su da kowa sai ke.

Ba da daɗewa ba wani tsoho zai zauna a gabanki, mai furfura da kwarjini, ya ce miki lafiyarsa lau. Idonki zai ga wani abu, kunya ta ce ki bari. Wannan tsohon ni ne. Ki sa shi ya tuɓe takalmi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya daidaita hannunki, Ya buɗe bakinki a inda nawa ya rufe. Allah Ya tashi duk wanda kika kwantar. Ya kare ki daga mai iko in ya fusata, da ciwo, da hatsarin hanya, Ya saukar mana da ruwa, Ya yafe mini waɗanda na yi shiru a kansu. Ki sa ni cikin addu'arki ta asuba. Ki gaida mutanen gidan da suka sauke ki, ki ce na gode.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
daga Yamai.